Hoton da Aka Rufe

A gidan nuna zanen mutanenmu 'yan asalin ƙasar, can bayan garin Alice Springs, wani ɗan yawon buɗe ido ya tare tsohuwar da ke zaune bakin ƙofa.

"Inna, wa ya liƙa takarda a kan hoton mai zanen nan? Tun daga birnin Melbourne na zo!"

"Ga zanensa nan, kalla."

"Fuskarsa zan ɗauka. Ɗan ɗaga min mana."

"Ya rasu. Ba ma nuna fuskar mamaci."

"To, ya sunansa?"

"Shi ma mun daina faɗa."

"Haba! To wa zai tuna da shi?"

"Kai, ɗan nan, ka ishe ni! Ni da na haife shi nake haɗiye sunan kullum. Kai ne za ka koya min tunawa?"