Inuwar da Ke Ƙasan Hoton

Mama: Salamu alaikum. Auta, kana ji na? Yayarka ta shigo layin?

Yaya: Ga ni, Mama. Ina wuni? Ya ƙafar?

Mama: Tana nan inda kuka bar ta. Ya yaran? Ya maigidan?

Yaya: Lafiya lau, suna gaishe ki.

Auta: Ina wuni, Mama? Ya gida?

Mama: Lafiya. Har yanzu kana gaban kwamfutar nan?

Auta: To, ai ita ce gonar tamu.

Mama: Madalla. Ku saurara ku biyun, ba na son maimaitawa. Ɗazu na shiga kanti sayen sabulu, yarinyar kantin ta tsura mini ido, ta ce wai ba ni ce Mai Rediyo ba?

Yaya: Mai me? Layin yana karkatsewa.

Mama: Rediyo! Ta miƙo mini wayarta. Sai ga ni ina amarya, a ƙofar shagon hoton babanku, rediyo a kafaɗa, ina dariya. Wai wani mawaƙi ya sa a bangon waƙarsa. Wai har a riguna ana bugawa.

Yaya: Kai, Mama, ai kin yi suna! Ni ma na gani, har na tura wa ƙawayena.

Mama: Ashe ke ma kin sani.

Auta: Mama, ni na sa shi a shafin tsofaffin hotuna. Mutanen mawaƙin suka gani, suka nemi izini, ni na tsara musu bangon. Na so in ba ki mamaki ne. Ranki ya ɓaci?

Mama: Ban ji komai ba. Na tsaya ina kallon yarinyar hoton kamar 'yar maƙwabta. Ka sa mata riga ruwan ƙwai, tawa ruwan toka ce. Ka cike mata wushirya. Duk ba wannan na kira ku a kai ba. Ina abin da ke ƙasan hoton?

Auta: Ƙasan... au, baƙin nan? Inuwar mai ɗauka ce, Mama. Kowane mai gyaran hoto cire ta yake yi. A nan ma aka rubuta sunan waƙar.

Mama: Wa ya ɗauka?

Auta: Baba mana.

Mama: To.

Yaya: Halo? Mama, kina nan?

Mama: Ina nan. Babanku ya ƙare rayuwarsa a bayan kyamara. Ya ɗauki rabin unguwa, shi bai taɓa yarda an ɗauke shi ba, wai babu mai hannun da zai amince masa. Ɗan ƙaramin hoton da ke jikin katin shaidarsa ya tafi da jakar da aka sace. A cikinku wa ya taɓa ganin hotonsa?

Yaya: Innalillahi.

Mama: Wannan inuwar ita ce. Ita kaɗai. Kai Auta kana rarrafe ya rasu, ban ga laifinka da ba ka gane shi ba.

Auta: Wallahi Mama ban... ban kawo ba sam.

Mama: Na sani. Ina ainihin hoton da ka ɗauka a akwatina?

Auta: Na ba Yaya, a cikin ambulan.

Yaya: Ni? Yaushe?

Auta: Ranar da kuke tashi daga tsohon gida! Kina tsaye a bakin mota, kika jefa shi a kwali.

Yaya: Kai Auta, kwalayen nan rabinsu ruwa ya ci a sito, wasu mun zubar. Ba kana da shi a kwamfutarka ba?

Auta: A kansa na yi gyaran. Na adana sabon a kan tsohon.

Yaya: Kai da kake kiran kanka ƙwararre!

Auta: Ke da ba kya iya riƙe ambulan fa?

Mama: Ya isa.

Auta: Mama, zan iya mayar da ita. In zana wata, wallahi ba mai ganewa.

Mama: Ni fa? Me za ka zana? Yarinyar kantin ta karanta mini abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Kowa tambaya yake, wai me take wa dariya haka. Shi nake wa. In zai ɗauka sai ya ɗage gwiwoyin hannu kamar zakaran da zai yi cara, hula ta karkace. Duk yana cikin inuwar. Yanzu duniya ta sa ni a ƙirji, ina yi wa sunan waƙa dariya.

Yaya: Mama, kuka kike?

Mama: A'a. Na gwada ɗazu, bai zo ba. Na ɗora ruwa, na zauna har ya ƙone.

Auta: Ki yafe mini.

Mama: Yafiya ba wuya, na yafe. Hoton nake so. Ban ce ku sauke na mawaƙin ba, su sha rigunansu. Ke ki buɗe sitonki, kai ka je ka taya ta ɗaga kaya. Kada wanda ya kira ni ya ce laifin wane ne, ku daidaita wannan tsakaninku. In kun same shi ku kawo mini. In kuma ruwa ya ci, ku zo ku biyu ku faɗa mini a ido, kada ku turo mini sa...

Yaya: Mama? Halo? Katinta ya ƙare.

Auta: Yaya. Kwali nawa suka rage?