Maigidana Ɗan Leƙen Asiri

A wani gidan abinci a unguwar Asian Town, wani direba ya haɗa teburi da wani mai gadi da bai sani ba.

"Maigidana Bature injiniya ne," in ji direban, "amma a ƙasarsu sojan ko-ta-kwana ne. Duk shekara yakan koma atisaye."

"Harbi yake yi?"

"Leƙen asiri. Su ke shiga gaba, su laɓe, su ƙirga abokan gaba, su kai rahoto."

"To ka kiyaye shi, Malam."

"Wa? Ko kasuwar Souq Waqif bai iya zuwa sai da ni! Yanzu ma ya ɗauka wanki na kai motarsa."

"Dogo ne, mai sanƙo?"

"Ka san shi?"

"A'a. Tun ɗazu yake laɓe bayan motar can yana rubutu."