Gado Ɗaya Bayan Aiki

A ɗakin jira na wani asibiti a birnin Adelaide, Desmond ya kasa zama wuri ɗaya. Wata dattijuwa da ke saƙa a kujerar gefe ta dube shi.

"Wa kake jira?"

"Matata, Glenys. Ciwon daji ne a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Wai in sun cire ƙarin, kafin su ɗinke cikin za su gasa wurin da hasken kashe daji."

"Ai gata aka yi mata. Me ya ɗaure maka fuska?"

Ya zauna. "A ramin haƙar yuraniyam na tsufa. Ba ma tafiya gida sai mun yi wanka, mun bar kayan aiki a can, don ƙurarsa na fitar da irin wannan hasken mai cutarwa. Abin da na yi ta gudun kai mata, yau shi za a sa mata a ciki. Kunya ta hana ni tambayar likita. Zan iya kwana gado ɗaya da ita?"

Dattijuwar ta yi dariya. "Ku maza kenan. Ni ma an yi mini bara waccan. Ba ƙura ba ce, bawan Allah, kamar fitila yake, ana kashe injin ya tafi. Nawa mijin a kujera ya yi ta kwana don tsoro, sai da na jefe shi da takalmi."

"Kuma lafiyarsa lau?"

"Munsharinsa kaɗai ke damuna."

Desmond ya share ido da bayan hannu. "Na gode. Da ma ba ta iya barci sai ƙafarta na kan tawa."