Fitilun Azumi da Mista Liang

A ɗakin jira na kwastan, tashar jiragen ruwan birnin Iskandariyya, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa.

"Hajiya, wannan fara'a haka? Kayanki sun iso ke nan."

"Fitilun adon azumi ne, Alhaji, kwantena guda daga ƙasar Sin! Ga shi saura kwana arba'in a fara azumi."

"Kin dace da wakili."

"Dacewa? Horar da shi na yi. Bara na ce wa Mista Liang, 'Su iso kafin azumi.' Bawan Allah ya duba ranar azumin da ya wuce, bai san watan azumi na matsowa duk shekara ba. Sai da muka kai azumi goma suka iso. Wa zai saya? Bana na rubuta masa rana da lamba, na ce ya maimaita mini. Yanzu shi ke tambayata ko na sayi dabino!"

Dattijon ya yi dariya. "Ni nawa wakilin, magana ɗaya ta ishe shi."

"Madalla. Me kake jira?"

"Wuƙaƙen layya."

"Kai, ka yi sammako! Ai da sauran wata huɗu."

"Na bara ne, Hajiya. Taimaka mini da lambar Liang ɗin nan."