Agogon Maigida

A ɗakin jiran masu gashin ƙashi, wani dattijo mai sanda ya ƙura wa hannun matar da ke gefensa ido.

"Baiwar Allah, wannan ba agogon da suke ɗaura mana ba ne, mai ƙirga motsin hannu?"

Ta ja mayafi ta rufe. "Na maigidana ne, Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya ƙi motsawa, sai kallon bango. Ni nake ɗaurawa in yi wanki, kada likita ta yi masa faɗa."

"To, ta yaba?"

"Ta yaba sosai. Ta ce tunda duk wannan ƙoƙarin bai ɗaga hannun ba, ba zai dawo ba. Sun sallame shi. Agogonsu na kawo musu."