Ɓawon Lemun Baba Ma

Kai Nasiru, ajiye ɓawon lemun nan, kar ka jefar. Na san kuna yi mini dariya a bayan ido, wai Kawu ya koyo tara shara a Jidda. To ku matso ku ji.

Saniyata na sayar na tafi umara, na maƙale ban dawo ba. Na sami aikin dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, kwana kuma a unguwar Sa'alaba. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, saboda haka asibiti ba wurin zuwana ba ne.

Zafin garin nan kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo yake. Ni kuwa na ɗora wa raina ruwan ƙanƙara, in bi shi da shinkafa mai maiƙo. Sai ciki ya ƙi. Ga kumburi, ga gyatsa, ga kasala, kwali ɗaya zan ɗauka in nemi wurin zama. Ran nan shugaban aikinmu ya same ni a zaune.

"Yalla, tashi."

"Ranka ya daɗe, cikina ne."

"Ban ɗauki cikinka aiki ba. In na sake ganinka a zaune, halas, aikinka ya ƙare."

Wallahi na ji tsoro. In aka kore ni, wa zai ciyar da iyalin da na baro?

Akwai wani tsoho ɗan Sin mai dafa wa 'yan ƙasarsu abinci a siton, Baba Ma, Musulmi ne, sahu ɗaya muke salla. Larabcinsa gurgu, nawa makaho, in muna hira Larabawa har riƙe ciki suke yi. Shi ya ja ni kicin, ya riƙe wuyan hannuna, ya sa na zaro harshe kamar akuya a kasuwa. Sai ya karɓe gorar ruwan sanyina ya tuttular.

Ya buɗe wani gwangwani, ya ɗauko ɓawon lemu da ya bushe har ya yi baƙi. Ya ce wai shi irin wannan, tsufansa ne kyansa. Ya dafa shi da citta da wata jar magaryarsu ƙatuwa. Ga ɗaci, ga ƙamshi. Kullum da safe in sha, ya bi ni da kunun shinkafa ba mai ba yaji. Ko maganin ne, ko barin ƙanƙarar ne, Allah masani, amma ciki ya lafa, ƙarfi ya dawo, aiki bai kuɓuce mini ba.

Wata safiya na ga ya kife gwangwanin, babu komai ciki.

Na ce, "Baba, sai ka aika gida a ƙaro maka."

Ya girgiza kai. "Mamata ce mai shanyawa. Mama ta rasu. Wannan ne na ƙarshe."

Kunya ta kama ni. Na ce, "To don me ka ƙarar a kaina?"

Ya ce, "Don ciki ta shanya shi, ba don gwangwani ba."

Na dawo gida ban tara abin kirki ba, ko saniyar ban mayar ba. Amma tun daga ranar ban sake jefar da ɓawon lemu ba. Kawo shi nan, Nasiru, in rataya a igiya. Wani zai zo da cikinsa.