Alwalar Ndagi a Filin Gwalf

Babur ɗina na sayar na yi kuɗin tafiya, wanda nake kabu-kabu da shi a cikin Minna, daga Sabon Gari zuwa nan Maitumbi. Habu, kai da kake damun uwarka da zancen Dubai, matso kusa, kai na fi so ka ji. Ku ma ku jera jarkokinku a layi ku zo, famfon nan ba yanzu zai kawo ruwa ba.

A dubu biyu da bakwai ne. Wani ejan ya ce ana neman masu aikin lambu a Dubai, ni da Ndagi muka ba da suna. Kun san Ndagi, Banufen nan mai lambun tumatir a hanyar Gidan Kwano. Lokacin ɗakinsa na jikin nawa, ya girme ni, amma bai taɓa wuce Kaduna ba. Shi ba shi da babur, sai mahaifiyarsa, Nna, ta sayar da kayan tagullarta na aure ta cika masa. Muka je Bida yi mata sallama. Tsohuwar nan hannuna ta kama, ba nasa ba. Da 'yar Hausarta ta ce, "Isyaku, kai ne mai ido. Shi daya ne gare ni. Ka kai shi, ka dawo da shi." Na ce in sha Allahu, da sauƙin baki, kamar an aike ni sayen gishiri.

Muka sauka, muka tarar lambun ba tumatir, ba alayyahu. Ciyawa ce zalla, kore shar, a tsakiyar rairayin da ko ƙaya ba ta son fitowa. Attajirai su zo da sanduna su bugi 'yar farar ƙwallo, su hau ƙaramar mota su bi ta, su sake bugu. Wai gwalf. Ndagi bakinsa ya ƙi kamawa, sai ya ce gwalo. Na gyara masa har na gaji. Ya ce, "Bar ni. Ciyawa kamar wannan, babu saniya ko daya, ai gwalo ne suke yi wa talaka."

Masaukinmu kam ake ce masa, gado kan gado kamar kaji a akurki. Mai kula da shi wani Ba'indiye ne, kalma guda ya iya da Larabci, mamnu, wato an hana. Ranar da muka saka daddawa a miya ya banko ƙofa yana toshe hanci.

"Afrika, me ya mutu a ɗakin nan?"

Na ce, "Miya ce, Oga."

"Mamnu."

Ndagi ya ce, "Naka barkono da yake sa mu tari fa, shi halal ne?"

Daga ranar muka raɗa masa Mamunu, kuma har muka bar ƙasar yana amsawa.

Aikinmu ban ruwa ne. Kafin gari ya waye wasu kawunan famfo za su ɓullo daga cikin ƙasa su yi ta juyi suna feshi, mu kuma mu bi da tiyo mu cike inda ba su kai ba. An ba mu takalmin roba da safar hannu, aka ce kafin cin abinci a wanke hannu da sabulu a farin famfo. Duk bututun filin kuwa shunayya ne, launin malmo, kowane famfo da allonsa an zana kofi an ja masa jan layi. Ranar farko foman ɗinmu, wani ɗan Pakistan, ya yi dogon bayani da Turancin da ke gudu kamar an biyo shi. Muka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ni dai na ɗauka rowa ce, ko kuma ruwan gishiri gare shi.

Aka kai Ndagi can ƙarshen fili, jikin shinge. Daga nan zuwa masallacin ma'aikata tafiya ce mai nisa, ga ranar ƙasar in ta take sai ka ji kamar an kifa maka kasko. Wata azahar na je karɓar tiyo, na same shi tsugune gaban famfon nan shunayya yana alwala, har da kurkure baki da shaƙa hanci.

Na ce, "Yaya Ndagi, ba ka ga allon ba?"

Ya ce, "Na gani. Kofi suka zana, ba buta ba. Sha suka hana."

"To ai ba mu san ruwan ba."

Ya ɗebo a tafin hannu ya kai mini hanci. "Malam ya koya mana abu uku, launi, wari, dandano. Wanne ya canza? Ruwan famfonmu na Chanchaga ma bai kai shi haske ba."

Gaskiyarsa kuwa, ruwa garau, sai ɗan warin maganin famfo. Na ƙyale shi, don Ndagi in ya kafe, gara ka roƙi dutse. Haka ya yi ta yi wata da watanni.

Akwai wani Basudane, Usman, shi ne ke zagayawa da ƙananan kwalabe yana ɗibar ruwan filin ya kai gwaji. Ya zauna cikin Hausawa a garinsu, yana jin Hausa. Wata rana ya ce in raka shi in riƙe masa akwatin kwalaben. Muka fita bayan gari, tun ba mu tsaya ba wari ya tarye mu. Na ga wani baƙin ruwa yana kwararowa ta ƙaton bututu. Usman ya ce na masai da wanka da wanke-wanken birnin ne kakaf. Ya bi da ni tafki bayan tafki. Nan rariya ta tsame shara, nan dauɗa ta kwanta, nan ana hura iska wasu halittu da ido ba ya gani suna cinye ƙazantar, nan a tace da yashi, nan a zuba magani. A tafkin ƙarshe ruwa ya fito fes, ya shiga bututu. Na dubi bututun nan, shunayya ne.

Na ce, "Malam Usman, ina wannan yake zuwa?"

Ya ce, "Filinku mana. A ƙasar da ba ruwan sama, wa zai ba ciyawa ruwan sha? An gyara shi daidai ciyawa, ya taɓa ƙafa, ya taɓa hannu a wanke. Ba a gyara shi don baki ba. Shi ya sa hanyarsa daban, shi ya sa ake feshi kafin 'yan wasa su zo, shi ya sa nake yawo da kwalba."

Da yamma na faɗa wa Ndagi. Ya fita waje ya yi ta tofar da yawu har bakinsa ya bushe. Muka je wurin limamin kam. Ya ce abin da mutum ya yi bisa rashin sani ba shi da laifi, kuma malamai da dama suna ganin ruwan da aka raba shi da najasa sarai ya tsarkaka, amma dai a bar wa ciyawa abinta. Duk da haka Ndagi ya fara rama salloli. Sai ya tambaye ni, "Wanda muke sha fa, daga ina?" Na ce daga teku, an cire masa gishiri. Ya taɓe baki ya wuce.

Ba a yi mako ba, ana tsakiyar zafi, aka zo aka ce Ndagi ya faɗi. Na iske shi kwance jikin shinge, idanu sun kafe, jiki zau, gorar ruwansa rataye a wuya. Cikin motar asibiti na cire gorar na rungume ta. Yara, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ce shi ke nan, abin da ya kurkura wata da watanni ne ya taso masa. Ba aikin nake tunani ba, ba kuɗin ba. Hannun Nna nake ji a kan nawa. In je Bida in ce mata me? Na kai shi, na bar shi cikin rairayi?

Usman ya biyo mu, bayan ya ɗebi ruwan famfon nan ya aika gwaji. Likitar mace ce, 'yar Masar. Na zayyana mata komai, Usman yana fassara. Ta saurara, ta ja fatar hannun Ndagi ta saki, fatar ta tsaya a tsaye.

Ta ce, "Yaushe rabonsa da shan ruwa?"

Na ce, "Kullum da gorarsa, ga ta ma." Na buɗe in nuna mata. Gora ƙaf, har ƙura ta kwanta a ciki.

Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata. Wajen la'asar ya buɗe ido. Ashe tun ranar da na ba shi labari ya daina shan ruwan ƙasar, sai ɗan shayi safe da dare, don ya ga an tafasa. Gorar kuwa yana rataya ta ne don kada in dame shi.

Na ce, "Haba Yaya Ndagi, kashe kanka za ka yi?"

Da ƙyar ya ce, "Mutanen da suka mayar da masai ruwa, ka ce in yarda na shansu daga teku ne?"

Aka auna jininsa da bayan gidansa, ba a sami cutar komai ba. Sakamakon famfon ma ya dawo lafiya lau. Likita ta ce ya auna arziki, kada ya sake kai shi baki, amma ƙishirwa da rana ne suka kayar da shi. Na zauna a ƙasa daɓas don daɗi. Sai na ji Ndagi yana taɓa ni, ya nuna ledar da ke ɗiga cikin jijiyarsa, ya ce, "Wannan kuma daga ina?" Na yi dariya har hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Da ya warware, Usman ya kama hannunsa suka bi farin bututu da ƙafa tun daga famfo har inda ya shigo filin, ya ga ko kusa bai haɗu da shunayya ba. Sannan ya sha. Foman ya sa ana kai masa jarkar ruwa mai kyau jikin shinge kullum. Allunan nan kuma aka sake su, kusa da kofi aka zana buta, ita ma da jan layinta. In kun je Dubai kun ga wannan, aikin Ndagi ne.

Bayan shekara biyu aiki ya ja baya, aka sallame mu. Ban dawo da arzikin da kake zato ba, Habu, keken nan da nake ja shi ne duk abin. Amma da muka iso Minna ko jakata ban kai gida ba, muka hau motar Bida. Nna tana zaune bakin ƙofa. Na kama hannun Ndagi na sa cikin nata na ce, "Nna, ga amanarki."

Ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame. Ta shiga ta ɗebo ruwan randa a kwanon sha. Na rijiya ne, ja-ja, har da ɗan haki yana yawo a sama. Na zuba wa Ndagi ido ina jiran tambaya. Ya hure hakin gefe, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Ya miƙa mata ya ce ta ƙaro.